Sunayen da Na Kira Ba a Amsa Ba

Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.
Laraba, 15 ga watan Oktoba.

Zuwa ga 'yata Nafisatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdulkahar da yaran, a can Fatakwal. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya raya zuri'a, ya sa baƙunta ta zame muku alheri, amin. Idan kin tambayi mutanen nan, muna nan inda Allah ya ajiye mu. Damina ta yi kyau ga wanda ya sami ikon zuwa gonarsa, an fara karya masara. Mahaifiyarki ta kira ni daga Zariya ranar Juma'a, ta ce ciwon bayan ya yi sauƙi, ta kuma yi mini faɗa a kan ba na cin abinci, kamar ita ce babba ba ni ba. Jiki kam sai godiya. Ƙafar dama ba ta ɗaukata sai da sanda, tarin yana nan, yanar idon hagu kuma ta ƙara kauri, shi ya sa za ki ga rubutun nan manya-manya yana hawa yana gangara kamar na ɗan aji ɗaya. Tun da matata Rahma ta rasu gidan ya yi mini faɗi. Shekara uku ke nan, amma har yau idan na ji wani abu a rediyo sai in juya in gaya mata.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar littafinmu. Kin tuna washegarin ƙaddamarwa na kira ki na ce ki cire sunayen yaran nan bakwai duka kafin a yi bugu na biyu. Kika tambaye ni dalili, na ce layi ba shi da kyau, na kashe. Layi lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya kasa. Ke kika zauna kika buga kowane shafi na Yaran Gindin Marke a na'urarki, kika yi ta fama da mummunan rubutuna, don haka kina da hakkin sanin abin da ya faru. Ina roƙonki kada ki taɓa suna ko ɗaya sai kin karanta wannan takarda har ƙarshe.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Yaran nan ba ƙirƙirar su na yi ba. Bayan na yi ritaya na je na yi shekara biyu ina koyarwa kyauta a wani ƙauye a bakin dajin Kamuku, ana ce masa Kwarin Marke. Makarantar iska ta yaye mata rufi, don haka a gindin wani babban marke muke zama. Yara suna zuwa suna fashi, yau kiwo gobe gona, amma akwai bakwai da ko ruwa ake yi sai sun zo. Ranar Alhamis idan an tashi nakan ba su labarin namun daji, gwanki da burtu da giwayen da muka riƙa ganin sawunsu muna yara. Wata rana wani ɗan shekara tara mai suna Ja'afaru, ɗan baƙi mai wushirya, ya ce da ni kullum dabbobi ne ke shiga labari, su me suka yi da ba a sa su? Na yi musu alkawari zan rubuta littafi in sa sunan kowa. Daga nan ciwo ya kama ni na dawo gari. Shekara ɗaya bayan haka 'yan bindiga suka shiga Kwarin Marke. Na ji an kashe mutane, an tafi da wasu, sauran sun watse. Nafisatu, ban tambayi sunaye ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana kiran rajista kowace safiya ya ji tsoron tambayar sunaye bakwai. Na ce a raina in dai na cika alkawari na sa su a littafi, na fita hakkinsu. Ashe rashin sani ya fi dare duhu, balle wanda mutum ya zaɓar wa kansa.

An yi taron ranar Asabar da hantsi a ɗakin taron wata firamare a nan cikin gari. Kin san Obed, abokina Bagwari da ya zana hotunan, wanda muka kwana ɗaki ɗaya a kwalejin horon malamai. Shi ya yi ta kai da kawo. Tun da safe yake tsokanata wai burtun da ya zana ni ya kalla ya zana, saboda tafiyarmu ɗaya, ni kuma na ce masa giwarsa ta fi kama da jakin da ya ci rogo ya kumbura. Babban baƙon da zai ƙaddamar bai zo ba, ya aiko a ba da haƙuri, ya ce hanyar Kaduna ba ta biyuwa a makon. Ban ga laifinsa ba. Duk da haka ɗakin ya cika. Hedimasta ya kawo yara sun zauna a gaba, a baya kuma na hangi mata da yawa a tsaye da goyo. Ashe ranar kasuwa Obed ya sa an zagaya da lasifika ana cewa za a karanta labarin yaran Kwarin Marke, mutanen ƙauyen da ke zaman gudun hijira a garin nan suka ji, suka zo. Shi da kyakkyawar niyya ya yi, kuma bai san abin da ban gaya masa ba.

Da aka ce marubuci ya taso ya karanta wani abu, sai na buɗe shafin farko, inda kika jera sunayen nan bakwai. Na sa tabarau. Ban san lokacin da tsohuwar al'ada ta karɓe ni ba. Ba karantawa na yi ba, rajista na kira. Kin san yadda muke yi: ka kira suna, ka yi shiru, ka ɗaga kai ka nemi fuskar mai shi, sai ya amsa sannan ka wuce. Na kira na farko, na ɗaga kai, shiru. Na kira na biyu, Sadisu, sai wani saurayi a bakin taga ya ɗaga hannu ya amsa da ƙarfi cewa yana nan. Ya zama ɗan acaba, har da gemu. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi, ni ma zuciyata ta yi fari, na ƙara ɗaga murya. Na kira Bara'atu Bilyaminu, na yi shiru. Wani mutum ya miƙe daga tsakiyar benci ya fita, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Na kira na huɗu, shiru. Tafin ya mutu. Na kira Ja'afaru, na ɗaga kai, na jira. Can baya wata mata ta sulale ƙasa, ba kuka ba salati, sai mata suka kama ta suka fitar. Saura suna biyu a takardar, kuma Allah ya yafe mini, sai da na kira su, domin ban taɓa barin rajista a rabi ba. Ba wanda ya amsa. Hedimasta ya yi maza ya ce a yi addu'ar rufewa. Lemon da aka tanada ma ba a buɗe ba.

A baro aka dawo mini da littattafan, suna nan jibge a ɗakin Rahma, na ɗora su a kan bulo saboda gara. Na ɗan yi ƙoƙarin abin da kika koya mini na tallata shi. Na je makarantu uku da sandata, kowane hedimasta ya karɓe ni da girmamawa, ya ba ni ruwa, ya ce a bari magana ta kwanta. Makarantun ƙauyuka kuwa da na rubuta shi dominsu, da yawa a rufe suke. Mai sayar da littattafai na bakin kasuwa ya karɓi ashirin, bayan kwana huɗu ya dawo da su da kansa, ya ce mata suna kauce wa rumfarsa. Wani ɗan jarida ya kira ni daga Kaduna don hira a rediyo, ya tambaye ni wane saƙo nake da shi ga yara manyan gobe, na ba shi haƙuri na kashe wayar. A masallaci ana gaishe ni, amma ba a tsayawa. Na kuma ji an ce wani ya ce Malam Jumare ya mai da matattu haja. Ban nemi sanin wanda ya faɗa ba, domin ban tabbata ƙarya ya yi ba.

Hular nan da ta faɗi ni na tsince ta. Bayan mako guda na yi ƙarfin hali na kai wa mai ita. Shi ne Bilyaminu, mahaifin Bara'atu. Na same shi a kasuwar hatsi yana ɗinke bakin buhunan masarar wasu, mutumin da na sani da rumbu huɗu a gidansa. Ya tashi ya ba ni bencinsa, ya gaishe ni yadda ake gaida malamin 'ya'ya, har ya tambayi ƙafata. Ya ce ya sa an karanta masa labarin. Kin tuna shi, inda Bara'atu ta ɓata a daji wajen tsintar kaɗanya, burtu ya yi mata jagora, ta iso gida kafin magariba ta tarar uwarta ta ajiye mata tuwo. Ya ce a cikin shafi uku na dawo da ita gida, shi kuwa shekara biyar ke nan yana jira. Tana cikin waɗanda aka tafi da su. Ba su ga gawa ba balle su yi mata sadaka, ba su ji murya ba balle su sa rai, uwarta har yau ba ta yarda a ci abinci a kwanonta. Ya ce shi bai riƙe ni a zuciya ba, ya san alheri na nufa, amma abu ɗaya yake roƙo: dajin gaske ya ishe ta, kada in ƙara mata na takarda. Duk wannan magana allura na hannunsa, bai daina ɗinki ba. Na ba shi hularsa na taso.

Tun daga ranar ni da Obed muka shiga aiki a zaure. Muna yanka farar takarda ƙanana, mu shafa ƙaro, mu manne a kan sunan, in rubuta wani da hannu. Sau goma sha tara sunan Bara'atu ya fito a kowane littafi. Na daɗe ina tunanin sunan da zan sa wanda ba zai sosa wa kowa miki ba, daga ƙarshe na sa Rahma. Ita kam ta riga ta isa gida, kuma mai jin zafin sunan ni ne. Obed yana yi yana mita, wai ya yi shekara arba'in yana koyar da zane, ga shi ya ƙare a ɗan manne-manne, kuma wai ƙaron ma sai da ya fi shayina kauri. Amma kullum da safe sai ga shi a kan kekensa, kuma sau biyu na kama shi yana goge ido yana cewa ƙaro ne ya shiga. Niyyarmu idan mun gama da wannan mu bi sauran sunayen mu rufe su duka, mu fara da na Ja'afaru.

Ranar Litinin ta makon jiya da hantsi muka ji sallamar mace a ƙofar zaure. Ita ce matar da ta faɗi a taro, Saliha, mahaifiyar Ja'afaru. Yanzu surfe da wankau take yi a gidajen mutane. Na ce a raina yau zan sha abin da na dama. Ta zauna a gefen tabarma, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta yi mini ta'aziyyar Rahma da ba ta sami yi ba a lokacin. Sannan ta ce ta ji labari muna rufe sunaye, shi ne ta zo roƙon arziki a bar mata na yaron nan. Haka ta ce, yaron nan.

Ke da kika tashi a birni kina kiran ɗanki na fari da sunansa gatsau, har mahaifiyarki tana yi miki tsiya, wataƙila sai na yi miki bayani. Ja'afaru ɗan farinta ne, kuma a wajensu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ta ce shekara goma da ya yi a duniya bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Idan tana nemansa sai ta ce kai, ko ta aiki ƙanwarsa ta kira shi. Sunan a bakin mutane take jin sa, a bakin ubansa, da abokan wasansa, da ni idan iska ta kwaso muryata daga gindin marke zuwa inda take shanya. Ranar da abin ya faru uban da ɗan tare aka kashe su, aka binne mutane da yawa cikin gaggawa, kowa ya kama gabansa. Tun daga nan, saboda tausayi, ba wanda ya ƙara ambaton sunan a kusa da ita. Ita kuma ba ta iya faɗa. Ta ce shekara biyar sunan yana cikinta kamar ƙwarya a rufe, har takan ji tsoro ko ya fara gogewa. Sai ranar Asabar ɗin taron ta ji shi a bakin malaminsa, da irin muryar da ake kiransa kowace safiya. Ta ce ba sunan ne ya kayar da ita ba. Shirun da na yi ne bayan na kira. Ta ce da na ɗaga kai ina jira, ita ma sai ta sami kanta tana jira ya amsa.

Ta roƙi in karanta mata wurin da yake. Na buɗe shafi na goma sha biyu, inda Ja'afaru ya hau ɗorawa don ya hango wa 'yan'uwansa hanya, reshe ya kama wandonsa ya yage, ya sauko yana tafiya da baya da baya don kada 'yan mata su gani. Nafisatu, matar nan dariya ta yi. Ta rufe baki da mayafi ta ce wallahi haka yake, ba wandon da ya taɓa yin wata guda a jikinsa, har ta gaji da faci. Obed ya tashi ya fita waje wai zai duba kekensa. Ta ce in sake, na sake. Sannan ta tambaya a ina sunan yake a cikin baƙaƙen nan, domin ba ta yi boko ba. Na nuna mata da bakin biro, ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Yanzu takan zo Litinin da Alhamis idan ta gama aikin mutane, in karanta mata shafin nan guda. Ba ta son na gabansa, ba ta son na bayansa. Shekaranjiya ta ce in koya mata yadda ake rubuta shi. Na ɗauko guntun baƙin allon da na taho da shi daga Kwarin Marke, na ba ta alli. Ta yi ta yi tana gogewa, hannun da ya saba da taɓarya alli yana karyewa a cikinsa, har ta rubuta shi cikakke, harafin farko yana kallon baya. Ta zauna tana dubansa. Can ta tambaye ni, a matsayina na malami, wai rubutawa daidai yake da kira? Ko ta karya kunya ke nan? Na yi shekara arba'in ina amsa tambayoyi, na san wasu na ƙirƙiri wasu, amma wannan na ce mata ban sani ba. Ta ce to a bar shi haka. Allon yana nan jingine a zaure, na hana Obed matsar da shi.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi, ki manta da maganar da na yi miki a waya. Duk inda Bara'atu ta fito ki mayar da shi Rahma, har da shafin farko, ki duba da kyau sau goma sha tara ne. Sunan Ja'afaru ki bar shi yadda yake. Sadisu ya ce a bar nasa, har ya ce in ƙara cewa ya fi kowa gudu, na ce ba zan yi ƙarya a littafin yara ba. Na sami iyayen biyu daga cikin sauran, ɗaya yana raye yana koyon gyaran mota a Funtua, ɗaya ta rasu, kuma duka gidajen sun yarda a bar su. Saura biyu da har yanzu ban san inda mutanensu suke ba, an ce wajen Tegina suka nufa. Na aika a bincika. Kada a buga ko kwafi ɗaya sai an same su an tambaye su, ko da zai kai shekara. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan. In Allah ya karɓi abinsa kafin nan, takardar sunayen tana hannun Obed, ki nemi lambarsa wajen mahaifiyarki, kuma kada ki bari mai ɗab'i ya gaggauta ki.

Sai roƙo ɗaya na kaina. Ki bugo mini shafi na goma sha biyu shi kaɗai da manyan baƙaƙe, mafi girman da na'urarki za ta iya, ki aiko wa mahaifiyarki ta ba direba ya kawo. Likita ya ce idon dama ma ya fara, kuma bai ga alamar jikina zai ɗauki aiki ba. Ranar Alhamis da ta wuce rabin shafin da ka na karanta mata, ina riƙe da littafin don kada ta gane. Na haddace shi, amma ina so idan ta ce in nuna mata sunan, in nuna daidai.

Ki gaida Abdulkahar, ki ce ina godiya da maganin tarin da ya aiko. Ki shafa mini kan A'isha da ƙaramin maigidana Mu'azu, ki ce masa takwaransa yana nan yana jiran ya zo su yi tseren sanda. Idan za ki karanta musu littafin, ki karanta sunayen a jere, kada ki tsaya tsakaninsu. Obed yana gaishe ki, ya ce a bugu na biyu a gyara masa hancin giwa tun da an raina ta. Saliha ma da ta ji ke kika buga littafin ta tambaya sau nawa kika rubuta sunan yaron, na ce sau da yawa. Ta ce in gaishe ki, in ce Allah ya yi wa hannunki albarka.

Allah ya sada mu da alheri, in kuwa bai ƙaddara ba, ki yafe mini.

Ni ne kawunki,
Mu'azu Jumare